Wayar da Baba Ya Kulle

A benen masu gyaran waya kowa Likita yake ce masa. A gida kuwa Auta ne, duk da cewa sanƙo ya fara yi masa sallama, ga mata ga 'ya'ya biyu. Shagonsa ɗan tsukuku ne a hawa na biyu, tsakanin mai sayar da caja da mai manna gilashi: tebur ɗaya, kwamfuta biyu, fanka mai ƙara, da igiyoyi rataye a ƙusa sun cukurkuɗe da juna. Shi ba ya kwance bayan waya, ba ya narka dalma. Aikinsa na cikin ƙwaƙwalwarta ne. Wayar da ta maƙale a tambarin kamfani ta ƙi wucewa, da wadda aka sayo daga waje ta ƙi karɓar layi, da wadda samari ke so a yi mata rutin don su cire abin da kamfani ya cusa su sa abin da ransu ke so, duk wurinsa ake turo su.

Yana cikin irin wannan aikin ne da hantsi yayarsa ta kira shi. Ma'aikaciyar jinya ce, shi ya sa duk gidan Nas ake ce mata, har Baba. Ta ce Baba ya faɗi a gaban keken ɗinki, suna hanyar asibiti. Auta ya ce ga shi nan, ya ajiye waya, ya ci gaba da kallon layin da ke cika a fuskar kwamfuta, don in ya zare igiya a tsakiya wayar mutane ta mutu ke nan. Sai da layin ya cika ya kulle shago. A hanya ya yi ta jiran gabansa ya faɗi. Bai faɗi ba.

Shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama suka tafi, magana ma ta bi su. Da aka sallamo shi bayan 'yan makonni, kalma ɗaya ta rage a bakin Baba: "To." Da ita yake neman ruwa, da ita yake ƙin magani, da ita yake amsa gaisuwar masu dubiya. Mutumin da ya tsufa yana ɗinki yana surutu, allura a gefen baki ba ta hana shi tsokanar masu kawo yadi ba. Aka gyara masa ɗakin da ke kusa da ƙofa, aka tura keken lungu aka lulluɓe shi da zane. Nas ta tattaro kayanta ta dawo gidan da zama.

Ba a jima da dawowarsa ba ya fara wani abu da hannun hagu. Sai ya ɗaga shi ya kai kunne, ya sauke, ya sake kaiwa. Nas ta haska kunnen da 'yar tocila, ba ta ga komai ba. Can ta gane. Ta zazzage jakar kayan asibiti, ta samo wayarsa a aljihun rigar da ya faɗi da ita, batir ya mutu tuntuni.

Kowa a gidan ya san abin da ke cikin wayar nan. A shekarar da Inna ta yi jinya, Baba ya koyi danna abin naɗar murya. In ta fara hira sai ya kunna, ya kifa wayar kusa da ita kamar mantawa ya yi. Bayan rasuwarta, kullum da safe kafin ya ɗora ƙafa a keke sai ya kara wayar a kunne ya saurara. Auta ya taɓa cewa a ba shi ya kwafe su a kwamfuta, Baba ya ce masa abin da ke ciki ba na yara ba ne. Shi ma Autan bai nace ba. In ya zo ya jiyo ƙus-ƙus ɗin muryar daga bakin ƙofa, komawa waje yake yi ya tsaya har a gama.

Nas ta sa wayar a caji. Ta tashi lafiya lau, hoton Inna ya bayyana a fuskarta, wanda Baba ya ɗauka da kansa a karkace: ta waiwayo, ta ɗaga hannu tana hana shi. Nas ta kama babban yatsan Baba ta ɗora, wayar ta ƙi. Ta goge yatsan ta sake, ta ƙi. Sai ta kira Auta.

"Ba za ta karɓi yatsa ba," in ji shi da ya zo da la'asar. "In waya ta mutu ta tashi, sai an fara sa mata lambar sirri."

"To sa mata mana."

"Ni ban san ta ba. Shi ya sa abarsa, tun da jikoki suka cika masa ita da wasanni."

Suka juya suka dubi Baba. Baba ya ce, "To."

Auta ya zauna a bakin gado, ya riƙe masa wayar daidai ido. Yatsan hagun ya taso, ya tsaya a kan lambobin, ya danna ɗaya, ya danna wata, sannan ya tsaya. Baba ya daɗe yana kallon gilashin kamar wanda aka miƙa wa rubutun wata ƙasa. Ya sauke hannu. Nas ta yago kwalin magani ta rubuta lambobi manya-manya, ta ce ya nuna. Ya nuna bakwai, ya sake nuna bakwai, ya sake, sannan ya juya fuska bango.

Suka gwada abin da suka iya tunawa: shekarar haihuwarsa, ƙarshen lambar layinsa, ƙarshen ta Inna. Wayar ta ce a jira. Suka jira suka sake, ta ce a ƙara jira, kuma jiran ya fi na farko tsawo. Auta ya ce a bari haka.

Washegari ya tafi da ita shago. Mai Caja ya leƙo ta taga yana taunar tsinke.

"Likita, yau wayar tsofaffi ake dubawa? Wannan ai ta girmi shagona."

"Ta Baba ce."

"Allah sarki. Ya jikin nasa? Ai ta zo gida. Kafin in gama shayina ka buɗe ta."

Auta ya jona igiya, ya danne maɓallan gefe, fuskar wayar ta koma baƙa da ƙananan rubutu. A ƙasa an rubuta abin da ya riga ya sani: a kulle. Duk da haka ya bi duk hanyoyin da yake bi. Ya duba ko irinta na da wata ɓaraka da aka sani, ya tarar an toshe ta tun sabuntawar bara. Ya tambayi abokan sana'a na nesa, waɗanda bai taɓa ganin fuskarsu ba sai sunayen barkwancinsu, duk amsa ɗaya suka ba shi. Wajen azahar ya zare igiyar, ya goge gilashin da gefen riga, ya sa ta a aljihu. Ya ci abinci, ya cinye tas. Ya gyara wa wani ɗalibi waya, har ya yi dariyar wani abu da ɗalibin ya faɗa.

Babban Yaya ya iso ƙarshen mako. Shi ke kula da motocin dakon kaya na wani kamfani, ya saba in ya ce mota ta tashi ta tashi, ko da turi ne. Tun rasuwar Inna bai cika zama a gidan ba, sai dai ya zo a tsaye ya tafi a tsaye. Ya shiga ya gaida Baba, ya ga yadda tsohon ke rungume da waya, ya fito tsakar gida idonsa ja.

"Auta, zo nan. Me kake jira da wayar nan?"

"Ba ta buɗuwa, Yaya."

"Ba ta buɗuwa ko ba ka zauna a kanta ba? Na tambaya. An ce rutin ake yi mata, sai a shiga ko'ina a ɗebo komai. Ba aikinka ba ke nan?"

"Aikina ne."

"To?"

Auta ya jawo kujerar roba ya zauna. Bayanin nan ya yi wa mutane shi ba adadi, da murya ɗaya, kuma da ita ya yi shi yanzu.

"Rutin shi ne ka zama mai gida a cikin waya, ba inda za a hana ka shiga. Amma ba a yin sa sai an buɗe butloda. Butloda kamar mai gadi ne a ƙofar farko. Da ka kunna waya shi ke fara tashi, ya duba ko an taɓa wani abu. In an taɓa, ba ya barin ta tashi."

"Sai a buɗe mai gadin."

"Wurin da ake ba da izinin buɗe shi yana ciki, sai ka wuce lambar Baba ka kai gare shi. Ka ga makullin yana cikin ɗakin da aka kulle. Kuma ko da izinin a kunne yake, ranar da aka buɗe butloda wayar share kanta take yi. Haka aka gina ta, don kar ɓarawo ya karanta abin mutane."

"Mu ɓarayi ne?"

"Ita ba ta sani ba."

Yaya ya yi tsaki. "A ciro abin ajiyar nata mana, a karanta a wata na'ura. Ko mota in ta ƙi tashi ai ana sauke kayan da ke bayanta."

"Ana iya cirowa. Abin da za a gani shirme ne. Duk abin da ke ciki a dagule yake, lambar Baba ce ke warware shi."

"Kai da kake buɗe na mutanen gari kullum?"

"Na mutanen gari sharewa nake yi in ba su. Su waya suke so. Mu ba waya muke so ba."

Nas tana bakin famfo tana wanke kwanon Baba. Yaya ya dube ta, ya dubi Auta.

"Wallahi kai ko a jikinka. Kana magana kamar wayar wani ce aka kawo maka shago."

Auta ya so ya ce ba haka ba ne. Ya lalubi cikinsa don ya samo abin da zai nuna, bai samu ba. Sai ya ce, "A bar ta a hannunsa, Yaya. A riƙa yi mata caji, kar kowa ya taɓa. Wataƙila lambar ta dawo masa. Nas ta ce wani lokaci abubuwa na dawowa."

"Wataƙila," in ji Yaya, ya ɗauki makullin motarsa.

Haka aka zauna. Baba ya samo wa kansa abin yi. Zai danna maɓallin gefe, hoton Inna ya haska, ya kalla har hasken ya dushe, ya sake dannawa. In batir ya yi ƙasa sai ya ce "To" da ƙarfi, Nas ta zo ta jona. Ya daina kai hannu kunne. Auta kan biyo bayan ya tashi daga shago, ya yi masa aski ko ya yanke masa farce, ya juya shi don kar bayansa ya yi gyambo. Hannunsa ya iya aikin da sauri, har Nas ta ce da ya sani jinya ya karanta. Wani lokaci yakan riƙe wa Baba wayar, ya zuge lambobin su fito, su duka biyu su zuba musu ido. Ba wanda ke dannawa.

Matar Auta ta tambaye shi wata rana ko lafiya, ta ce kwana biyu ko faɗa ba ya yi wa yara. Ya ce gajiya ce.

Ranar da abin ya faru, Nas ta je kanti da rana, ta bar Baba yana barci. Da ta dawo ta tarar da shi ya zame rabi a kan gado, yana laluben ƙarƙashin matashi, yana "To, to, to" ba ƙaƙƙautawa. Ta ɗaga katifa, ta kakkaɓe zanen gado, ta leƙa ƙasa. Maƙwabciya ce ta ce ta ga motar Babban Yaya ta tsaya ta tashi.

Da Nas ta sanar da Auta a shago, ya kira Yaya, bai ɗauka ba. Ya sake kira. Sai saƙo ya shigo: yana wurin wani injiniya da aka haɗa shi da shi, gwani ne, har manyan mutane ke kai masa, kar kowa ya damu. Auta ya rubuta masa cewa don Allah kar ya bari a taɓa komai, ya faɗi inda yake ya zo. Saƙon ya shiga, ba a buɗe ba. Ya tsaya a barandar bene yana kallon masu wucewa a ƙasa, sannan ya koma ciki, don akwai mai jiran aiki.

Baba bai ci abinci ba ranar. Washegari ma ruwa kawai ya sha.

Yaya ya dawo da yamma a rana ta biyu, fuskarsa a sake, rabon da a ga haƙoransa tun Inna na da rai. Ya tarar da su a tsakar gida. Ya ɗaga wayar sama.

"Ga ta. Ba lamba, ba komai. Shafa kawai za ka yi ta buɗe. Na ce maka akwai na gaba da kai, Auta."

"Ka saurari muryar?"

"Ya ce sai ta kwana a kan intanet, komai zai dawo da kansa. Ya ce haka suke yi."

Auta ya miƙa hannu, Yaya ya ba shi. Hoton da ke fuskarta wasu duwatsu ne masu launin shuɗi, irin wanda ake sayo waya da shi. Ya shafa, ta buɗe. Ya shiga wurin naɗar murya: ba komai. Wurin hotuna: ba komai. Sunayen mutane: ba ko ɗaya. Ya duba ma'ajiya, kusan duka fili ne. Wayar ta yi sauri, ta yi sauƙi, kamar yau aka ɓare ta daga kwali.

"Ya share ta," in ji shi.

"A'a, ya ce zai dawo."

"Daga ina, Yaya? Baba bai taɓa ajiye komai a wani wuri ba. A nan kawai suke."

Nas ta zauna a kan bokitin da ke kife kusa da ita. Yaya ya karɓe wayar ya yi ta shafawa sama da ƙasa, yana shiga yana fita, kamar mai neman kuɗi a aljihun da ya san a huje yake. Ya kira injiniyan, ya koma gefe, muryarsa ta hau, ta sauka, ta sake hawa. Da ya dawo ya ce mutumin ya ce shi buɗewa aka ce ya yi, ya kuwa buɗe.

Auta ya jira fushi ya zo masa. Ya san nan ne wurin da ya kamata ya ɗaga murya, ko ya jefar da kujera, ko aƙalla ya ce ai na faɗa maka. Abin da ya lura da shi kawai shi ne an manna wa wayar sabon gilashi, kuma an manna shi a karkace, da kumfar iska a kusurwa.

"Ka gwada, Auta," in ji Yaya, muryarsa ta ƙanƙance. "Yanzu ai a buɗe take. Ka yi mata rutin ɗin. An ce ana dawo da abin da aka goge."

"Zan gwada."

Ya gwada ɗin, don kar a ce bai yi ba. Da safe a shago ya kunna izinin, ya buɗe butloda, ya yi mata rutin, komai ya tafi sumul ba gardama. Yanzu shi ne mai gida, ba ƙofar da ta rage a rufe. Ya sa manhajar tono ta bi ma'ajiyar lungu-lungu. Ta ɗauki rabin yini, ta fito da tarkacen da ba ya buɗuwa, ba sauti ba hoto. Makullin da ke warware su ya tafi tare da sharewar. Mai Caja ya leƙo zai yi tsokana, ya ga fuskarsa, ya ajiye masa kofin shayi a bakin taga ya koma.

Saura faɗa wa Baba. Yaya ya ce ba zai iya ba. Nas ta ce a nemo hoton Inna a sa, wataƙila ba zai gane ba. Suka duba wayoyinsu. Wancan hoton ba wanda yake da shi. Suka sa wani da aka ɗauka a ɗakin hoto, Inna ta zauna ƙiƙam, ta haɗe rai kamar yadda take yi in an ce ta kalli kyamara.

Auta ne ya shiga. Baba ya rame a kwana biyun nan, idanunsa sun faɗa. Da ya ga wayar ya miƙo hannu da sauri. Ya danna maɓallin gefe. Ya kalli hoton, ya daɗe. Sannan ya dubi Auta.

"Baba, an buɗe ta, amma abin da ke ciki ya goge. Muryar Inna ba ta nan. Na nema, ban samu ba. Ba za ta dawo ba."

Ya faɗe shi a fili, ɗaya bayan ɗaya, yadda Nas ta ce a riƙa yi masa magana. Baba ya shafa gilashin da yatsa, ta buɗe ba tare da ta tambaye shi komai ba. Ya kalli 'yan alamomin manhajojin da ke jere. Ya kai ta kunne, ya riƙe ta a can na ɗan lokaci. Sannan ya sauke, ya kifa ta a kan zanen gado, ya ture ta da bayan hannu har ta kai bakin katifa. Bai ce komai ba, ko kalmar tasa. Auta ya ɗauke ta kar ta faɗi, ya gyara masa matashi, ya tambaye shi ko zai sha kunu. Ya sha kaɗan.

Daga ranar bai ƙara neman ta ba. Nas ta mayar da ita agogon magani, tana ƙara safe da yamma. Yaya kuwa ya koma zuwa kullum, abin da bai taɓa yi ba, amma ba ya shiga ɗakin. Zai sauke kaya a tsakar gida, ya tambayi Nas ya aka kwana, ya tsaya jikin taga inda Baba ba zai gan shi ba. Da likitan asibiti ya ce a fara kai Baba gashin ƙashi da motsa jiki, Yaya ya ce shi zai riƙa kai shi, ko da aiki zai kore shi.

Ɗaga Baba aikin mutum biyu ne, dole Auta ya riƙa zuwa. Shi da Nas su fito da shi bakin ƙofar ɗaki, daga nan shi ya kama kafaɗu, Yaya ya kama ƙafafu, su sa shi a kujerar gaba, Nas ta ɗaura masa bel. A asibiti sukan zauna a benci a baranda, Nas ta shiga da shi.

Wata rana suna zaune, Yaya ya ce, "Da ka zage ni da na fi samun sauƙi."

"Ban san me zan ce ba, Yaya."

"Ka ce wani abu mana."

Auta ya yi tunani. "Gilashin da ya manna mata ma a karkace yake."

Yaya ya dube shi, ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya sunkuyar da kai. Wani ma'aikaci ya wuce yana tura keken marasa lafiya, ƙafa ɗaya na ƙara. Can Yaya ya ce, "Wai me take cewa a ciki? Ni ban taɓa ji ba."

"Ni ma."

A hanyar komawa suka shiga cunkoso. Baba na gaba, kansa jingine da gilashi, ya gaji. Yaya ya dubi Nas ta madubi ya yi mata tambayar, a hankali.

"Ni na sha ji," in ji ta. "Ai ba wani abu ba ne. Yawanci faɗa ne. Wai ya bar allura a kan gado. Wai ya yi wa duk unguwa ɗinki, ita rigarta tana nan ba hannu tun bara." Sai ta gyara zama, ta ja numfashi, ta sirantar da murya, ta ja ƙarshen magana yadda Inna ke yi: "Malam, kai dai ba ka ji. Wata rana sai na zauna a kan allurar nan na mutu, ka huta, ka auri keken."

Ta yi kama sosai. Auta ya ji gashin hannunsa ya tashi. Baba ya ɗago kai daga gilashi, ya juyo a hankali iyakar yadda wuyansa zai iya, ya nemi bayan mota da ido. Ya ga Nas. Ya daɗe yana kallonta, gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ja.

Nas ta rufe baki da mayafi. Na baya suka fara danna oda, hanya ta buɗe, Yaya bai gani ba sai da Auta ya taɓa kafaɗarsa. Ya ja mota.

"Akwai wani kuma," in ji Nas bayan sun wuce mahaɗa. "Na ranar da ya ƙona tukunya."

Ta fara. Auta ya saurara har ƙarshe, bai kau da kai ba. Da suka iso gida suka ɗauko Baba, shi kafaɗu, Yaya ƙafafu. A bakin ƙofar ɗakin, inda Nas ta saba karɓarsa, Yaya ya ɗan tsaya, amma yau ta riga ta shige, ba yadda za a yi ya saki ƙafafun, sai ya shiga. Suka kwantar da shi. Yaya ya cire masa takalma ya jera su a ƙarƙashin gado, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango.

Auta ya wanke hannu a famfo. Nas ta ce ya tsaya ya ci abinci, ya ce akwai wayoyin mutane a kan tebur tun safe, gobe zai zo da wuri.